Yadda ake farautar tatsuniyoyin duniya daga tsakar gida

Wani dare cikin bazara, irin daren Afrilun nan da ɗaki ba ya shiguwa a Sakkwato, ina kwance kan tabarma a tsakar gidana a Mabera. Ba wuta, barci ya ƙi zuwa, ina ta latse-latsen waya. Sai na faɗa kan wata tatsuniya ta mutanen Indunusiya. 'Yan mata biyu ne a gida ɗaya, sunan ɗaya Bawang Putih, ɗayar Bawang Merah, wato Tafarnuwa da Jar Albasa. Na yi dariya ni kaɗai, na ce waɗannan ai mutanenmu ne, ko daga fadamar Wurno aka kwaso su. Tafarnuwa ita ce 'yar wahala. Ta je wanki rafi, ruwa ya tafi da zanen matar ubanta, ta bi ruwa tana cigiya har ta kai gidan wata tsohuwa. Ta yi mata shara da girki, ranar tafiya tsohuwa ta ajiye mata kabewa biyu ta ce ta zaɓa. Ta ɗauki ƙaramar, da aka fasa sai ga zinariya da duwatsu masu daraja. Jar Albasa ta ce ita ma sai ta je. Ta je ta yi rashin kunya, ta sungumo babbar, aka kulle ɗaki aka fasa, macizai suka fito.

Sai da na tashi zaune. Wannan ai gatanar kakata Inna ce, ta 'yar bora da 'yar mowa. Bambancin dai mu ƙwai ake ba yarinya, su kuwa kabewa.

Tun daga daren nan abin ya zame mini ciwo. Shekaru ke nan ina bin sawun tatsuniyoyi da almarorin mutanen da ko sunansu ban taɓa ji ba a da, kuma abokan aikina a makaranta sukan tambaye ni inda nake samo su. To ga yadda nake yi, da inda na yi tuntuɓe.

Kada ka fara da intanet

Na san da waya na fara labarina, amma abin da ya sa na gane Tafarnuwa shi ne na riga na san 'yar bora. Wanda bai san na gida ba, ko ya karanta tatsuniya dubu ta wasu ƙasashe, kallon kitse zai yi ta yi wa rogo. Saboda haka aikin farko shi ne ka nemi tsohuwar gidanku, ko ta maƙwabta, ka naɗi muryarta.

Abin ba shi da sauƙi kamar yadda ake zato. Ranar da na fara gwadawa na je wurin kakata, wadda duk gidan muke kira Inna, da hantsi, na zauna na ciro waya na ce ta yi mini tatsuniya. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai angona, mi kaka yi da gatana da wanga gemu naka? Kuma da rana tsaka? So kaka in ɓace kasuwa?"

Na ce aiki ne nake yi, na makaranta.

"To ni ban yi ma ƙato gatana. Tai ka kwaso min ɗiyanka, in an yi isha'i."

Darasi biyu ke nan a zama ɗaya. Gatana, kamar yadda muke kiranta a nan, ba a yin ta da rana, kuma ba a yin ta ba masu amsawa. Idan ta ce "ga ta nan ga ta nanku" dole a sami bakin da zai ce "ta zo mu ji ta", idan ta kai kan waƙa dole a sami masu amshi. Ka zo da yara uku ko huɗu, kai kuma ka koma gefe ka yi shiru. Ka riƙo mata goro ko sabulu ko turare, ba don biya ba, don girmamawa.

Murya za ka naɗa, ba bidiyo ba. Da zarar tsohuwa ta ga an saita mata ido da waya sai ta hau gyara ɗaurin kallabi, maganarta ta koma ta rediyo. Ka sa wayar a yanayin jirgi don kada kira ya katse naɗin, ka aje ta kan matashi ko faifai kusa da ita, nesa da fanka. In maƙwabci ya tada janareta, ka haƙura sai gobe. Lokacin ɗari ya fi, ana cikin ɗaki, ga kaskon wuta, murya ba ta watsewa. Kafin a fara ko bayan an gama, ka faɗa da bakinka cikin naɗin: yau kwanan wata kaza, a unguwa kaza, mai ba da labari wance, 'yar asalin gari kaza. Sa'an nan ka tambaye ta wurin wa ta ji. Wannan tambayar ita ce mafi tsada, domin sau da yawa za ka tarar gatanar da kake zaton ta Sakkwato ce wata kaka ce ta zo da ita daga Gobir ko Adar ko Kabi. Tsofaffinmu ba su cika sanin shekarunsu da lissafi ba, sai ka auna da abin da kowa ya sani: tana da wayo lokacin da aka kashe Sardauna a 1966? 'Ya'yanta nawa sa'ad da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya rasu a 1988?

In ka zo rubutawa, ka rubuta yadda ta faɗa. In ta ce "yat tahi yac ce mata", kada ka mayar da shi "ya tafi ya ce mata". Ba jarrabawa take rubutawa ba. Daidaitacciyar Hausa tana da wurinta, amma in ka wanke Sakkwatanci daga bakin Inna ka zubar da romon ka riƙe ƙashi.

Sai abin da har yau in na tuna yake sosa mini rai. Na naɗi Inna dare goma sha ɗaya cikin hunturu guda. Duk a waya ɗaya, ban kwafe ko'ina ba, kullum sai in ce gobe. Wayar ta fara ɗaukewa, na kai wa wani mai gyara a kasuwa, na tafi sallar la'asar. Kafin in dawo ya yi mata fulashin. Yana murna yana cewa, "Malam, ta tashi, kamar sabuwa." Ta tashi kam, fayau, ba komai a ciki. Ban ga laifinsa sosai ba, ni ne ban gaya masa ba. Na koma wurin Inna a hunturu na gaba, na sami dare huɗu kawai kafin ciwon ajalinta ya kwantar da ita. Yanzu duk abin da na naɗa, a daren zan tura wa kaina ta imel, in tura wa ƙanena ta WhatsApp, in sa a kwamfuta. Wuri uku, kafin in kwanta.

Ka san irin kayan da ke hannunka

Mu da kanmu ba mu zuba komai a ƙwarya ɗaya. Tatsuniya daban, kowa ya san ƙirƙira ce, mai yin ta ma da ta ce "ƙurunƙus" sai ta ƙara da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Tarihihi daban, shi ne labarin da ke da ƙafa ɗaya cikin tarihi ɗaya cikin mamaki, irin na Bayajida ko na jaruntakar Kanta na Kabi. Camfi daban. Ƙissa kuwa ta annabawa ce da bayin Allah, ba ta shiga wannan kasuwa ko kaɗan.

To haka abin yake ga sauran mutane. Wani labarin nasu na hira ne, wani na asalin gari ne, wani kuwa addininsu ne, sun yi imani da shi ko kakanninsu sun yi. Wani dattijo a masallacin unguwarmu ya taɓa ja na gefe ya ce, "Malam, na ji an ce kana karanta labarun gumakan arna." Na ce masa, "Baba, sanin abin da mutum ya ɗauka daban, ɗaukarsa daban." Ina karanta yadda Zulu na Afirka ta Kudu suke ba da labarin shigowar mutuwa duniya, cewa an aiki hawainiya ta gaya wa mutane ba za su mutu ba, ta tsaya ciye-ciye a hanya tana tafiyar nan tata, aka aiki ƙadangare da saƙon mutuwa ya riga ta isa. Ban yarda da shi ba, na san abin da addinina ya ce. Amma ya nuna mini mutanen da mutuwa ta dame su kamar yadda ta dame mu, suka dubi hawainiya suka ɗora mata laifi. Abin da nake kiyayewa shi ne yara ƙanana. Su tatsuniyar dabbobi da ta 'yan mata nake ba su, labarun halittar duniya na wasu al'ummu kuwa sai ga wanda ya yi hankali.

Ka kuma sani wasu labarun suna da ƙa'idar faɗa. Mutanen Nabaho na Amurka ba su ba da labarun dilansu sai da hunturu, kamar yadda Inna ta ƙi yi mini da rana. Wasu labarun 'yan asalin Ostareliya ba kowa aka yarda ya ji su ba. In ka ga masu abu sun ce kada a yaɗa, ka bar musu abinsu.

Maƙwabta kafin nesa

Mutanen da ke zaune Sakkwato ba su san arzikin da suke kai ba. Kafin ka tsallaka teku, ga Buzu nan yana dafa shayi a ƙofar gidan da yake gadi. Ga Zabarmawa, ga Fulani masu kawo nono, ga Dakarkari, ga Yarbawa da Ibo da aka haifi iyayensu a garin nan. Ka zauna ka sha shayin nan har zagaye na uku, ka fara ba shi taka, sa'an nan ka tambayi tasa. Tatsuniya kamar bashi take, sai ka bayar ake biyan ka. Ka tambayi Buzu Tin Hinan, matar da Abzinawan Hoggar suke ɗauka uwarsu, wadda aka tone kabarin da ake danganta mata a Abalessa ta ƙasar Aljeriya a 1925. Ka tambayi Bazabarme, musamman in yana da jinin masunta, labarin Faran Maka Bote, kakan Sorkawa, da Harakoi Dikko mai mulkin ruwan Kwara. Bayarabe zai ba ka Ijapa, kunkuru, wanda shi ne Gizonsu. Ba kowa zai sani ba, wani zai ce sai dai ka tambayi tsohuwarsa. To ka ce in ya kira gida ya tambayo maka.

Wanda ya fi tsaya mini a rai cikin na maƙwabta shi ne na Soninke, mutanen tsohuwar daular Wagadu da littattafan tarihi ke kira Gana, can tsakanin Mali da Muritaniya ta yau. Suna da baƙin maciji, Bida. Kowace shekara ana ba shi budurwar da ta fi kyau, shi kuma ya ba su ruwan sama da zinariya. Shekarar da abin ya faɗo kan wata yarinya Siya, saurayinta ya ce ba da shi ba, ya yi kwanto ya sare kan macijin. Duk Bahaushen da ya ji wannan zai ce ga Bayajida ga Kusugu. Amma dubi inda suka rabu. A Daura, maciji ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, baƙo ya zo ya kashe shi, ruwa ya samu, ya auri sarauniya, sarautu suka tsiro. A Wagadu, kashe macijin ne ya kawo fari, zinariya ta ƙaura, daula ta watse, Soninke suka bazu cikin duniya. Takobi ɗaya, maciji ɗaya, wani gari ya kafu, wani ya tashi. Na yi kwanaki ina juya wannan a raina. Mu labarinmu yana bayyana yadda aka taru, nasu yana bayyana yadda aka rabu, kuma kowa abin da ya same shi ya zuba a ciki.

Daga nan sai takarda. Akwai abin da ya kamata kowane Basakkwace mai wannan sha'awa ya sani. Manjo Burdon, Razdan na farko a Sakkwato bayan zuwan Turawa a 1903, ya sa malamai sun rubuta masa tatsuniyoyi da labarai cikin ajami. Ya miƙa tarin ga wani jami'in mulki, Frank Edgar, shi kuma ya ƙara nasa, ya mayar da su boko, aka buga su juzu'i uku a Belfast tsakanin 1911 da 1913. Wato wasu gatanan da aka yi a garin nan sama da shekara ɗari suna nan a rubuce. Amma ka riƙe abu ɗaya: maza malamai ne suka rubuta wa Bature, alhali masu sana'ar mata ne a cikin ɗaka. Shi ya sa in ka karanta za ka ji ƙashin labarin yana nan, waƙa da kwaikwayon murya da zolayar yara kuwa sun yi ƙaranci. Ka leƙa ɗakin karatu na Abdullahi Fodiyo a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ka nemi kundayen ɗaliban Sashen Harsunan Nijeriya, domin da yawansu ƙauyukansu suka koma suka tattaro. Ka leƙa gidan tarihi na Waziri Junaidu. Ka tafi da haƙuri da littafin rubutu.

To yanzu ka buɗe data

Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne nema da sunan ƙasa. In ka rubuta tatsuniyoyin Japan ko na Rasha, guda biyar ɗin nan da kowa ya sani za su yi ta dawo maka. Ka nema da sunan al'umma. Maimakon Japan ka ce Ainu. Maimakon Rasha ka ce Osetiyawa ko Sarkasawa na duwatsun Kaukasus, sai ga ka cikin labarun jaruman Nart, da Sosruko da aka haifa daga dutse, maƙeri ya riƙe shi da awartaki ya tsoma shi a ruwa kamar ƙarfe, jikinsa ya taurare sai inda awartakin ya kama. Maimakon Kanada ka ce Inuit, ka gamu da Sedna, yarinyar da ubanta ya jefa teku daga kwalekwale, ta kama gefensa ya datse mata yatsu, yatsun suka zama dabbobin ruwan da mutanen suke farauta. Mafi yawan wannan da Turanci ko Faransanci za ka same shi. Na Nijar da Mali da Senigal kusan duk Faransanci ne, sai ka haɗa da manhajar fassara, amma ka ɗauke ta a matsayin ɗan jagora mai ido ɗaya: za ta kai ka gari, ba za ta nuna maka ƙofar gida ba. Tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare kuwa suna nan kyauta a Internet Archive da Project Gutenberg.

Akwai kuma wani makulli da na so a ce na san shi tun farko. Wani masani ɗan Finlan, Antti Aarne, ya lura tatsuniyoyi suna maimaita kansu daga ƙasa zuwa ƙasa, sai ya ba kowane iri lamba a 1910. Ba'amurke Stith Thompson ya faɗaɗa aikin, Bajamushe Hans-Jörg Uther ya sake gyara shi a 2004. Daga sunayensu aka sami ATU. In ka rubuta ATU 480 a wurin nema, dangin 'yar bora da 'yar mowa ne za su fito maka, daga Jamus da Rasha har Asiya. ATU 175 shi ne na 'yar danko, wadda Gizo ya gaisar ta ƙi amsawa, ya mare ta hannu ya manne. ATU 300 na mai kashe dodo ne ya ceci budurwa. Jerin ya fi ƙarfi a kan na Turai, namu da yawa ba su shiga daidai ba, kada ka matsa wa gatanar Inna sai ta zauna cikin lambar Bature. Amma a matsayin bakin zare, ban ga kamarsa ba.

Bakin zare ɗaya kuwa ya isa ya ci maka wata guda. Ɗauki Gizo. Ka bi shi kudu, ka same shi wurin Ashanti na Gana yana amsa sunan Ananse, har su ma suna da labarin da ya kama wata aljana da 'yar tsana mai danko. Jiragen bayi suka kwashe shi zuwa Jamaika da Suriname, kuma a Jamaika har yau da tsamin baki yake magana, kamar namu da ke cewa "shayki" in yana nufin sarki. Ka yi gabas wurin Azande, tsakanin Sudan ta Kudu da Kwango, ga Ture, sunansa ma gizo-gizo yake nufi. Sai abin mamaki: Lakota, 'yan asalin Amurka, su ma mayaudarinsu gizo-gizo ne, Iktomi. Na Jamaika mun san hanyar da ya bi. Na Lakota kuwa ba jirgin da ya kai shi, mutane ne kawai suka dubi ƙwaron da ke saƙa tarko ya koma gefe ya laɓe, suka yi tunani iri ɗaya da kakanninmu.

Nan ne nake gargaɗin ɗalibaina. Da sun ga kama sai su ce an sace mana. A'a. Wani labarin ya yi tafiya da fatake da alhazai da bayi, kamar yadda labarun dabbobin Indiya suka bi ta Farisa suka shiga Larabci a hannun Ibnul Muƙaffa a ƙarni na 8, har suka iso zaurukan malamanmu. Wani kuwa tsirowa ya yi a wuri biyu. Kuma ko da tafiya ya yi, ba lalle daga gare mu ya tashi ba.

Wani zaren mai daɗin bi shi ne sama, domin kowa a duniya yana ganin ta. Taurarin nan da muke kira kaza da 'ya'yanta, manoman Faransa da na Hangari su ma kaza da 'yan tsaki suka gani. Girkawa da 'yan asalin Ostareliya suka ga 'yan mata bakwai. Japanawa suna kiran su Subaru, in ka duba tambarin motar nan za ka ga taurarin. Bakan gizo da muke ce wa masha-ruwa, Fon na Dahomey, wato Jamhuriyar Benin ta yau, da Yarbawa da mutanen Ostareliya duk maciji suka gani a jikinsa. Muna yara in wata ya yi zazzaɓi, manya suna masallaci suna salla, mu kuwa muna bin lungu muna dukan gwangwani wai rana ta saki wata. Ashe a Sin ma haka aka yi ta yi, ana kaɗa ganguna da tukwane don a kori dabbar da ta haɗiye shi.

Wa ya faɗa, wa ya rubuta?

Duk labarin da ka tsinta, ka yi masa tambayoyin da alƙali ke yi wa shaida. Wa ya faɗe shi, da wane harshe, wa ya rubuta, yaushe? In shafi ko bidiyon TikTok ya ce "wata tsohuwar almara ta Afirka" bai faɗi ko wace al'umma ba, ka wuce. Afirka ba ƙauye ba ce. Yanzu ma da na'ura ke iya ƙaga labari da hotunansa cikin minti ɗaya, abin ya ƙara lalacewa. Ni ƙa'idata sai na ga labari a wuri biyu da ba kwafar juna suka yi ba kafin in shigar da shi littafina.

Ko manyan da ake ji da su sai an sa musu ido. 'Yan'uwan nan biyu na Jamus, Grimm, da suka fitar da tarinsu a 1812, a bugun farko na tatsuniyar Snow White uwar da ta haifi yarinyar ce ta ba ta tuffa mai guba don kishin kyau. A bugun 1819 suka mayar da ita matar uba, don abin ya yi wa masu karatu nauyi. Aladin da Ali Baba da kowa ke ɗauka 'yan asalin Dare Dubu da Ɗaya ne, ba su cikin rubutun Larabcin da Bafaranshe Antoine Galland ya fassara. Wani saurayi mutumin Halab, Hanna Diyab, shi ya ba shi su da baki a Faris a 1709, kuma aka yi ƙarnuka sunan Bature ake ambato. Littattafan zamanin mulkin mallaka kuwa, ka ci tuwon ka bar miyar: labarin da suka rubuta yana da amfani, sharhin raini da suke yi wa masu labarin nasu ne.

Shi ya sa in na sami wanda ɗan gida ya rubuta da kansa nake rungume shi. Akwai wata yarinya 'yar Ainu, Chiri Yukie, da ta tashi a hannun kakarta da innarta a tsibirin Hokkaido, lokacin da harshensu ke mutuwa. Ta rubuta waƙoƙi 13 na labarun da ta ji a gida, irin waɗanda mujiya ko dila ke ba da labarin kansa da bakinsa, ta sa harshen Ainu a gefe ɗaya, fassarar Japananci a ɗaya gefen. Ta rasu a 1922 tana da shekara 19, da gama gyaran rubutun, aka buga shi a 1923. Duk sa'ad da na tuna ta sai in tuna dare goma sha ɗaya na Inna.

Littafin da nake tarawa ba wani abin a zo a gani ba ne, irin mai bangon kwali ne na 'yan kasuwa. Kowane labari shafi biyu. A dama in rubuta shi a taƙaice da inda na samo, a hagu in rubuta danginsa na gida, sa'an nan a ƙasa in ja layi in rubuta inda suka saɓa. Wannan layin na ƙasa shi ne ribar aikin. A shafin Tafarnuwa abin da na rubuta shi ne: a can Indunusiya da Turai uwar yarinya ta mutu, matar uba ke gallaza mata. A namu uwar tana nan da ranta, a ɗaki na kusa, bora ce, tana kallo ba ta da bakin magana. Duk wanda ya tashi a gidan mata biyu ya san wane ciwo aka ɓoye a cikin wannan gatanar, ya kuma san dalilin da ya sa mata ne suke yin ta.

A 1937 hukumar tattara al'adu ta ƙasar Ailan ta yi wata dabara. Ta sa 'yan firamare sama da 50,000 daga makarantu 5,000 su koma gida su tambayi tsofaffinsu, su rubuto abin da suka ji. Shafuffukan suna nan a intanet yau da rubutun hannun yaran, a shafin Dúchas. Na kwaikwayi abin a ajina a zangon da ya wuce. Na ce kowa ya kawo gatana ɗaya daga gida, da sunan garin da mai ita ta fito. Rabinsu sun kwafo daga littafin karatu, na gane, na mayar musu. Amma wata yarinya ta zo da wata ta kakarta 'yar Gwadabawa wadda ban taɓa ji ba, da waƙarta, ta tsaya gaban aji ta rera, 'yan'uwanta suka kama amshi ba wanda ya sa su.

Ni kuma na biya su da ta Malesiya. Kancil, wata 'yar mitsitsiyar barewa, tana son tsallaka kogi ta ci 'ya'yan itace, kogin cike da kadoji. Ta ce musu sarki ya aiko ta ƙirga su za a yi musu rabon nama, su jeru. Suka jeru daga gaɓa zuwa gaɓa, ta bi bayansu tana tsalle, ɗaya, biyu, uku, har ta haye. Na gaya musu a Japan ma an rubuta irinta tun shekarar 712, da zomo, sai dai shi bakinsa ya ja masa: saura taki ɗaya ya haye ya hau yi musu dariya, na ƙarshen ya cafke shi ya saɓule masa fata. Wani yaro a bayan aji ya ɗaga hannu.

"Malam, to in Gizo na, mi zai yi?"

Kafin in buɗe baki ajin ya kaure da gardama. Wasu suka ce zai haye lafiya ya dawo gobe ya sake ƙirga su. Wasu suka ce a'a, Gizo da kwaɗayi, tsakiyar kogi zai tsaya ya tambayi nasa kason naman. Aka kaɗa ƙararrawa ba su gama ba, na ce kowa ya rubuto tasa ranar Litinin.